Katun ɗin da na tarar yarona yana kallo daren jiya

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya mini a rai, ban runtsa ba. Jiya bayan isha'i ina wanke-wanke a tsakar gida, na bar wa Khalifa wayata, shekararsa shida. Ina jiyo shi yana ƙyalƙyala dariya har da buga ƙafa, raina ya yi fari, na ce yaro ya samu abin yi. Da na gama sai na leƙa ta bayansa. Wasu 'yan dabbobi ne masu launi kamar alawa, akwai wani zomo rawaya mai manyan idanu, ga 'yar waƙa mai daɗi tana tashi. Ban kai ga zama ba na ga an tsinke wa ɗayansu hannu, jini yana tsartuwa, hanji a waje, ido ya faɗo yana gangarawa. Shi kuwa yaron dariya yake. Na fizge wayar, ya yi ta kuka.

Wajen ƙarfe biyu na dare ya farka da ihu, ya jiƙa shimfiɗa, abin da rabonsa da shi tun yana shekara huɗu. Ya riƙe mini wuya yana tambayata, "Mama, ni ma idona zai fita?" Na yi masa addu'a na tofa masa, da ƙyar ya koma barci. Sunan abin Happy Tree Friends. Don Allah wa ya san shi? Kuma yaya aka yi abu irin wannan ya shigo cikin katun na yara?

Baban Ummi, Kawo:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ni tuni na hana katun gaba ɗaya a gidana, kowane iri ne. Turawa ba su yi don alherinmu ba.

Ɗan Zane, Malali:
Anti, sannu, Allah ya kyauta gaba. Na san shi sarai, sana'ata ce zane mai motsi. Amma bari in gyara abu ɗaya: wannan bai taɓa zama katun na yara ba. Wani kamfani ne a Amurka, Mondo Media, ya fara sakin shi a intanet tun wajen 1999, kafin ma a ƙirƙiri YouTube a 2005. Don manya aka yi shi. Dabarar barkwancin nasu ita ce wannan da ta firgita ki: su zana abu mai kama da littafin 'yan nazare, sannan su auka masa da mummunar mutuwa. Karon da ke tsakanin kyan zanen da munin abin da ya faru, shi ne abin dariyar a wurinsu. A kashi na gaba duk waɗanda suka mutu sun dawo garau, a sake sabon lale.

Baba na Kawo, da girmamawa, hana katun gaba ɗaya ba zai yi ba. Akwai Bino and Fino da 'yan Najeriya suke yi a Abuja don koya wa yara tarihi da al'adunmu. Shi ma a hana?

Baban Ummi, Kawo:
Ɗana, idan don manya aka yi, me ya kawo zomo da waƙar reno? Wanda ya zuba guba a kwalbar lemo ba zai ce ai ba don yara ya ajiye ba.

Ɗan Zane, Malali:
Suna sa gargaɗi, Baba. Kuma YouTube na da tsarin taƙaita bidiyo ga waɗanda suka kai shekara 18, sai ka shiga da asusunka kafin ka gani.

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:
To ai da asusuna yake kallo, ƙanena. Wayar tawa ce. A wurin YouTube mace mai shekara talatin da wani abu ce ke zaune tana kallo. Gargaɗin kuma da Turanci yake, yaron da yanzu yake haɗa baƙi da wasali. Na duba tarihin abin da aka kalla da safen nan. Da waƙar ABC ya fara, sai wani katun na kyanwa, sai wani, duk wayar ce ke kunna na gaba da kanta. Cikin abin da bai fi rabin awa ba ya isa can.

Mai Shagon Caji, Rigasa:
Salamu alaikum iyayena. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma shiru a nan zai zama cin amana, don wani ɓangare na laifin a irin shagunanmu yake. Ni ina caji, ina kuma tura fina-finai da waƙoƙi a waya da mimori. Yawancin yaran unguwarmu ba ta YouTube suke kallo ba, wa zai ba su data? Uwa ce za ta aiko yaro da mimori da 'yan canji, ya ce "a sa mini katun." Ni kuma ina da jaka guda a kwamfuta mai suna katun, duk abin da aka zana yana motsi can nake jefa shi. Na karɓo daga wani, shi ma ya karɓo daga wani. Wallahi ban taɓa zama na kalli ko rabinsu ba.

Da na ga rubutun Hajiya sai na buɗe jakar. Yana ciki. Kashi-kashi, kowanne 'yan mintuna, shi ya sa yake da sauƙin turawa, ba ya cin wuri. Kuma ba a magana a cikinsa, sai 'yan ƙananan sautuka da ihu, don haka yaron da bai jin Turanci ma yana gane komai. A mimori babu gargaɗi, babu tambayar shekaru, babu komai. Daga nan kuma sai Xender, yaro ɗaya ya tura wa goma a makaranta. Ban san yara nawa na tura wa ba. Jikina ya yi sanyi.

Malama, Sabon Tasha:
Ɗan'uwa, na gode da ka faɗi gaskiya, ba kowa zai iya ba. Ni ina koyar da aji biyu na firamare, ina kuma riƙe da yara a makarantar Lahadi. Abin da nake gani a filin wasa ya fi abin da ke cikin waya damuna. Kwanaki wani yaro ya faɗi daga kan dakali, haɓarsa ta fashe, jini har kan riga. Kafin in iso, yara uku na tsaye a kansa suna dariya, ɗaya yana kwaikwayon wani sauti irin na katun. Ba mugaye ba ne, na san iyayensu. Ba zan rantse cewa katun ne ya jawo ba, yara na dariyar faɗuwa tun kafin a yi waya. Sai dai a da idan jini ya fito dariyar takan tsaya cak, a ruga a kira malami. Ranar ba ta tsaya ba.

Ɗan Zane, Malali:
Malama, na ji, amma mu yi adalci. Tom and Jerry tun 1940 ake yin shi, dukkanmu da shi muka tashi. Ana maƙe kyanwa da ƙofa, a sa mata bam a baki, a daka ta da guduma ta zama faifai. Wa ya zama ɗan ta'adda saboda shi? Sannan yaranmu ba baƙin jini ba ne. Kowace babbar sallah a gabansu ake yanka rago, su ne ma masu riƙe ƙafa, su wanke kayan ciki. Tatsuniyoyinmu fa? Dodo ya haɗiye yarinya, kishiyar uwa ta jefa marainiya a rijiya, kura ta cinye ɗan wani. Idan aka zana waɗannan yadda ake faɗarsu, sai mun ce a hana.

Hajiya Kaka, Tudun Wada:
Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Yaro mai zane, ka kawo magana mai kyau, amma ka bar rabinta a hanya.

Na yi wa 'ya'yana tatsuniya, na yi wa jikoki, yanzu ina yi wa tattaɓa-kunne. Gaskiya ne akwai Dodo, akwai haɗiya, akwai rijiya. Amma lokacin da nake faɗa, yaron yana kan cinyata ko ya jingina da ni, ina jin jikinsa. Idan na ji ya ƙanƙame ni fiye da kima, sai in sassauta murya, in gajarta wurin, in kawo Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. Idan ƙaramin ciki ya yi barci, sai in ƙara wa manyan yaji. Dodon da yaro yake gani a ransa daidai ƙarfin ransa yake, ba ya zana wa kansa abin da ba zai iya ɗauka ba. Kuma a ƙarshe ana farke cikin Dodo yarinyar ta fito, mugu ya ga sakayya, in ce ƙurunƙus, kowa ya san an rufe, a je a kwanta. Waya ba ta jin jikin yaro. Ba ta san ya tsorata ba, sai ma ta ƙaro masa wani.

Ragon layya kuma, wa ka taɓa gani yana dariya lokacin yanka? Ana wasa wuƙa don kada dabba ta wahala, a ba ta ruwa, a ambaci sunan Allah, ba a yanka ɗaya a gaban ɗaya. Yaron da ya tsaya a wurin yana koyon cewa rai abu ne mai nauyi. Jinin iri ɗaya ne, abin da ake koya da shi ne ya bambanta.

Ɗan Zane, Malali:
Hajiya Kaka, na karɓi wannan. Maganar layya na janye ta. Amma ina nan a kan cewa babba yana da damar kallon barkwanci mai ɗaci. Wani lokaci abin da ya fi ƙarfin kuka, dariya ake yi masa.

Ƙanwar Soja, Mando:
Ban so in sa baki ba, amma tunda an ce ga manya ba komai, bari in faɗi nawa. A cikin wannan katun akwai wata dabba koriya mai kakin soja, suna ce mata Flippy. Tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi. Da ya ji wani sauti da ya tuna masa fagen daga, sai idanunsa su juye, ya hau kashe duk wanda ke kusa. Wannan shi ne abin dariyar.

Yayana ya yi shekaru a arewa maso gabas. Ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, alhamdu lillahi, amma ba yadda ya tafi ba. Ranar wani biki yara suka fasa nokawut a bakin ƙofa, muka neme shi muka rasa, sai a bayan tankin ruwa muka same shi a durƙushe, ya toshe kunnuwa, rigarsa sharkaf da gumi. Mutum mai 'ya'ya huɗu. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, kansa kawai yake cuta. Wata rana ɗan maƙwabcinmu, saurayi ne ba yaro ba, ya nuna mini wannan katun yana dariya, ya ce "ga irin yayanki." Ban iya ce masa komai ba, na shiga ɗaki na yi kuka. Mutane da ma suna tsoron sojan da ya dawo da ciwon rai, suna janye 'ya'yansu daga gare shi. Abin da ya ƙara koya musu ke nan.

Mu a Kaduna ba labari muke ji ba. Akwai waɗanda ke cikin jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022. Akwai iyayen yaran Kuriga na 2024. Wataƙila wasunsu suna cikin zauren nan suna karantawa. Shekara 18 ba ta warkar da irin wannan.

Ɗan Zane, Malali:
Yaya, ki yafe mini. Ban yi tunanin ta wannan fuskar ba. Allah ya ba shi lafiya.

Anti Nas, Barnawa:
Amin. 'Yar'uwa, idan bai fara ganin likita ba ku daure ku kawo shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Barnawa. Abin da yake fama da shi ciwo ne da aka sani, ana kuma samun sauƙi, ba hauka ba ne.

Ina so in ƙara wani abu da ba a ambata ba, don mu duk jini muke dubawa. Walƙiyar haske. Ranar 16 ga Disamba 1997 a Japan an nuna wani kashi na Pokémon, katun na yara zalla, babu jini ko ɗigo. Akwai wurin da ja da shuɗi suka riƙa walƙawa da sauri na 'yan daƙiƙoƙi. An kwashi mutum 685 zuwa asibiti, yawancinsu yara, wasu da jijjiga irin ta farfaɗiya, wasu da amai da jiri. Sai da aka dakatar da shirin wata huɗu. Gidajen talabijin sun ɗauki darasi sun sa ƙa'ida, amma wanda ke haɗa katun a ɗakinsa ya ɗora a intanet babu mai duba masa. Idan kuna da yaro mai farfaɗiya, ko akwai ta a dangi, kada ya yi kallo a ɗaki mai duhu da waya dab da fuska, musamman idan an ɗauke wuta. Idan abu ya fara walƙiya a kashe.

Maman Khalifa, fitsarin kwance da firgita bayan irin wannan ba abin mamaki ba ne. Kada ki yi masa faɗa a kai, kada kuma 'yan'uwansa su tsokane shi. Idan ya wuce mako biyu zuwa uku bai lafa ba, ko ya daina cin abinci, ki kai shi a duba.

Baban Ummi, Kawo:
To ina hukuma? Ba muna da hukumar tace fina-finai ba?

Lauyan Zaure, Unguwar Sarki:
Muna da ita, Alhaji, tun 1993 aka kafa ta, ita ke sa wa fim alamar shekaru, irin su 12 da 15 da 18. Amma fim ɗin da aka kai mata take dubawa. Bidiyon da wani ya ɗora daga Amurka bai bi ta teburinta ba, balle wanda ke yawo a mimori.

Su kansu masu YouTube sun sha matsi. A 2017 aka yi ta ƙorafi a kan bidiyoyin da ke ɗaukar fitattun 'yan katun na yara a sa su cikin allura, duka da batsa, har kamfanin ya ce ya goge fiye da 150,000. Wancan ma ya fi wannan muni, don da gangan aka nufi yara. A 2019 kuma hukumomin Amurka suka ci su tarar dala miliyan 170, sai dai a lura, wannan a kan tattara bayanan yara ne ba tare da izinin iyaye ba, ba a kan abin da yaran ke gani ba. Daga nan ne aka tilasta wa mai ɗora bidiyo ya bayyana ko don yara ya yi. Ka ga ke nan mai bidiyon ne ke yi wa kansa alama.

Malama, Sabon Tasha:
Ga abin da nake gaya wa iyayen ajina. Akwai manhajar YouTube Kids, daban take da babbar. A cikinta za ka iya kashe bincike, ka zaɓi cewa sai tashoshin da ka amince da su kawai yaro zai gani, har da agogon da ke rufe ta idan lokaci ya cika. Ba ta da tsarki ɗari bisa ɗari, abin 2017 ɗin nan har cikinta ya shiga, shi ya sa zaɓen tashoshi da hannu ya fi. Idan babbar ce, a ƙalla a kashe abin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. Amma duk wannan bai taɓa matsalar mimori ba.

Malam na Islamiyya, Badarawa:
Allah ya saka wa kowa. Abu ɗaya zan ƙara a kan batun barkwanci. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ya yi barci, sai wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice. Sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya ce kawai, kuma tsakanin manya. Addini bai hana raha ba, amma ya duba wanda rahar ta faɗa a kansa. Ɗanmu mai shago, kai ma makiyayi ne a kan abin da ke fita daga kwamfutarka.

Mai Shagon Caji, Rigasa:
Na ji, Malam. Na goge wancan. Amma in faɗi gaskiya, jakar ta fi bidiyo dubu, ba zan iya kallonsu duka ba, ga kasuwa. Kuma samari suna zuwa neman na manyan da sunansu, idan na ce babu, shagon gaba za su je.

Ɗan Zane, Malali:
Ba sai ka kalla duka ba, yawancinsu daga suna nake gane su. South Park, Happy Tree Friends, Helluva Boss, duk na manya ne. Akwai kuma na tsakiya irin The Amazing Digital Circus na 2023, launinsa kamar gidan wasan yara, babu jini sosai, amma labarin mutane ne da suka maƙale a wani wuri hankalinsu na gushewa, ban ba ɗan shekara shida ba. Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Rigasa da kwamfutata mu raba jakar gida uku. Ka turo mini kwatance ta akwati. Idan maƙwabtanka masu turi za su yarda, su ma su kawo nasu.

Baban Ummi, Kawo:
Ni dai har yanzu gidana babu katun. Amma wannan aikin Allah ya ba ku lada.

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, jama'a. Yanzu ya dawo daga makaranta, na zaunar da shi muna cin abinci, na tambaye shi me ya ba shi dariya jiya. Ya ce waƙar ce, da yadda zomon ke tsalle. Na ce da aka cire masa hannu fa? Ya yi shiru, yana juya cokali a cikin shinkafa, can ya ce ya ɗauka idan ya ci gaba da kallo za a mayar masa da hannun, shi ya sa bai kashe ba. Na ce masa zane ne, wani mutum ne ya zana da kwamfuta, idonsa kuma yana nan daram, na sa ya taɓa da yatsa. Ya tambaye ni ko mutumin ba ya son zomaye ne.

Hajiya Kaka, in ba damuwa, jikarki ta ɗauko mana muryarki kina tatsuniya ko guda ɗaya ce ta turo. Ni waɗanda na sani duk na manta ƙarshensu.

Hajiya Kaka, Tudun Wada:
Ba za a turo ba, 'yata. Ki kawo shi ranar Juma'a da yamma, ki zauna ke ma ki ji, ki riƙa yi masa da bakinki. Ki zo da ƙannensa.